Girgizar ƙasa: ta yaya aka san abin da ke ƙarƙashinmu alhali ba wanda ya taɓa leƙawa?

A watan Satumban 2018 ƙasa ta yi ta raurawa a Mpape da wasu unguwannin Abuja, har mutane suka fice daga gidajensu. Abin ya sake faruwa a wannan Mpape ɗin a Satumban 2024. Duk lokacin da irin wannan labari ya iso Sakkwato, majalisu da zaurukan WhatsApp sai su rabu gida uku. Wasu su ce yawan haƙar rijiyar burtsatse ne ya rarake ƙasa. Wasu su ce nakiyar masu fasa dutse ce. Wasu kuma su ce ai Najeriya ba ƙasar girgiza ba ce, tsoro ne kawai. Daga nan sai wani ya jefo tambayar da ta fi duka nauyi: su masanan da ke cewa akwai narkakken ƙarfe a tsakiyar duniya, wa ya je ya gano musu?

Amsar wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mabuɗin sauran. Hanyar da aka bi aka san cikin duniya, ita ce hanyar da za ta iya raba gardamar burtsatse da nakiya, kuma ita ce ke nuna inda Sakkwato ta tsaya a wannan lamari.

Haƙa ba ta kai mu ko'ina ba

Ramin da ya fi kowane zurfi da ɗan Adam ya taɓa haƙawa a tsaye yana yankin Kola, arewa maso yammacin Rasha. An fara shi a 1970, a 1989 ya kai mita 12,262. Zafin da aka tarar a ƙasan ya kai wajen digiri 180, dutsen ya daina tsayawa yadda injin ke so, daga baya aka haƙura. Daga doron ƙasa zuwa tsakiyar duniya kuwa kilomita 6,371 ne. Ke nan aikin kusan shekara 20 bai ci kashi 1 cikin 500 na tafiyar ba.

Sai aka koma ga dabarar mai sayen tukunya. Idan mace ta je kasuwa sayen tukunyar ƙasa ba ta fasa ta don ta ga cikin jikinta. Ƙwanƙwasawa take yi da yatsa, ta saurara. Idan ta ji amo tangaran, tukunya ta gasu. Idan ta ji ta dushe, akwai tsaga ko da ido bai gani ba. Duniya ta fi ƙarfin yatsan kowa, amma girgizar ƙasa tana ƙwanƙwasa ta kyauta, sau da yawa a kowace rana. Aikin masana shi ne kafa kunnuwa a sassan duniya, wato na'urorin auna girgiza, da agogo mai daidai da daƙiƙa.

Mene ne ke motsawa idan ƙasa ta girgiza?

Saman duniya ba dunƙule ɗaya ba ne. Ya kasu zuwa manyan faya-fayan dutse da ke tafiya santimita kaɗan a shekara, wasu na rabuwa, wasu na karo, wasu na gogar juna. A bakin tsagar da ke tsakanin duwatsu biyu, gefe da gefe sukan cije. Turin bai tsaya ba, dutsen sai ya riƙa tanƙwaruwa a hankali yana tara ƙarfi, shekara ɗari, shekara dubu. Ranar da turin ya rinjayi cizon, sai gefe guda ya zame cikin daƙiƙoƙi. Wurin da zamewar ta fara shi ne tushen girgiza, kuma yawanci yana da zurfin kilomita 5 zuwa 20. A girgizar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairun 2023, wadda ta kashe mutum sama da 50,000, tsagar ta ɓalle na tsawon kusan kilomita 300, a wasu wuraren hanyoyi da shingaye suka goce da mita da yawa.

Makin ƙarfin girgiza da ake ji a rediyo yana rikita mutane. Mai maki 6 ba ta ninka mai maki 3 sau biyu kawai ba. Kowane maki guda da aka ƙara, ƙarfin da ya fita yana ninkuwa kusan sau 32. Maki biyu, sau 1,000. Saboda haka mai maki 7 ta fi mai maki 3, irin ƙananan da ake ji a Najeriya, sau miliyan guda. Mafi girma da na'ura ta taɓa aunawa ita ce ta ƙasar Chile a 1960, maki 9.5.

Igiya biyu, ɗaya ba ta shiga ruwa

Da zarar dutse ya zame, motsin yana bazuwa ta ko'ina a matsayin igiyoyi. Guda biyu ne ke ratsa cikin duniya, kuma kusan duk abin da aka sani daga bambancinsu ya fito.

Ta farko ana kiranta P. Turawa take yi ta saki, ta tura ta saki, a kan hanyar da take bi, yadda sauti ke tafiya. A cikin dutsen saman ƙasa tana cin kusan kilomita 6 a daƙiƙa guda. Tana ratsa dutse, tana ratsa ruwa, tana ma fita cikin iska, shi ya sa ƙaramar girgiza marar zurfi takan zo da ƙara kamar an buga igwa. Ta biyu ana kiranta S. Ita karkaɗa dutse take yi gefe da gefe, tafiyarta kusan kilomita 3.5 a daƙiƙa. Abu mai tauri kaɗai take bi. Ruwa, ko duk wani abu narkakke, ba ya riƙe surarsa balle ya ja na kusa da shi zuwa gefe, don haka S na isa bakinsa sai ta mutu. Akwai kuma igiyoyin da ke bin doron ƙasa, su ne na ƙarshen isowa, su ne kuma suka fi rusa gini.

Tunda P ta fi S sauri, ratar da ke tsakanin isowarsu ita ce ma'aunin nisa. Ga girgizar da ke kusa, a ƙirga daƙiƙoƙin da ke tsakanin, a ninka da 8, an sami nisan a kilomita. Rata ta daƙiƙa 10, nisa kusan kilomita 80. Tashar auna girgiza ɗaya nisa kawai take bayarwa, ba ta faɗin ta wane ɓangare. Sai an zana da'ira daga tashoshi uku, inda suka haɗu nan ne wurin. Girgizar Maroko ta 8 ga Satumban 2023, mai maki 6.8, ta auku kimanin kilomita 2,400 daga Sakkwato. P ɗinta ta wuce ta ƙarƙashin garin nan bayan kusan minti 5, S bayan kusan minti 9. Ba wanda ya ji a jikinsa, amma na'ura mai kyau da ta gani sarai.

Ɓawo: abin da wani masani ya lura da shi a 1909

A ranar 8 ga Oktoban 1909 girgiza ta auku kudu da birnin Zagreb na ƙasar Kuroshiya. Andrija Mohorovičić ya tattara takardun tashoshin Turai, sai ya ga abin da bai yi tsammani ba. Tashoshin da ke nesa, daga wajen kilomita 200 zuwa sama, sun karɓi P sau biyu, kuma ta farkon ta iso da wuri fiye da yadda lissafi ya ba da.

Bayani ɗaya ne ya dace. A ƙarƙashin dutsen da muke kai akwai wani dutse daban, mai nauyi, wanda igiya ke gudu a cikinsa kilomita 8 a daƙiƙa. Igiyar da ta nutsa ta hau wannan dutse ta yi gudu a kansa, sannan ta sake hawowa, tana riga wadda ta bi ta sama kai tsaye, duk da hanyarta ta fi tsawo. Daga nisan da igiyar ƙasa ke fara riga ta sama ake lissafa kaurin ɓawon duniya. Iyakar nan har yau da sunansa ake kiranta, a taƙaice Moho. Tsakanin Abuja da Sakkwato a miƙe kusan kilomita 500 ne, don haka duk wata girgizar Mpape mai ƙarfin isowa nan, igiyarta ta farko ta ƙarƙashin ɓawo za ta biyo, cikin minti guda da 'yan daƙiƙoƙi.

Kaurin ɓawon ba ɗaya ba ne. A ƙarƙashin teku kilomita 5 zuwa 10 ne. A ƙarƙashin nahiyoyi, har da yankinmu, yawanci 30 zuwa 40. A ƙarƙashin tsaunukan Himalaya da Tibet yana kai 70, domin tsauni yana da saiwa a ƙasa gwargwadon tsayinsa a sama.

Abin da ke bin ɓawo shi ne tsokar duniya, wadda ta miƙa har zurfin kilomita 2,900. A nan akwai kuskuren da ya zama ruwan dare, har a azuzuwan makaranta: wai ƙasa tana yawo ne a kan tekun narkakken dutse. Da haka ne, da S ba ta ratsa ta ba, amma tana ratsawa daga sama har ƙasa. Tsokar dutse ce mai tauri. Sai dai zafi da nauyi sun sa tana malala santimita kaɗan a shekara ba tare da ta narke ba. A wani sashe, wajen kilomita 100 zuwa 200 a ƙasa, igiyoyi na ɗan rage gudu, alamar dutsen ya yi laushi, kuma a kansa faya-fayan ke zamewa. Narkakken dutsen da ke fita daga dutse mai aman wuta, irin na Kamaru da ya yi amai a 1999 da 2000, daga ƙananan aljihuna yake fitowa.

Inuwar da Sakkwato ta faɗa ciki a 2011

Girgizar Japan ta 11 ga Maris 2011, mai maki 9, ta kaɗa duniya gaba ɗaya. Amma da za a duba takardar wata na'ura a Sakkwato, ba za a ga P mai ƙarfi ta iso kai tsaye ba, S kuwa ba za a gan ta ba sam, sai raunanan igiyoyi da kuma masu bin doron ƙasa da za su iso daga baya. Dalili shi ne nisan. Idan aka ɗauki zagayen duniya digiri 360, Sakkwato na kusan digiri 115 daga tushen wannan girgiza. Tsakanin digiri 104 da 140, wato kusan kilomita 11,500 zuwa 15,500 daga kowace girgiza, akwai zobe da masana ke kira yankin inuwa.

Inuwar ta cibiyar duniya ce. Richard Oldham na Birtaniya ya fara nuna alamarta a 1906. Beno Gutenberg, Bajamushe, ya auna zurfinta a 1914, kilomita 2,900, adadin da har yau bai canja sosai ba. A wannan iyaka gudun P yana faɗowa daga sama da kilomita 13 a daƙiƙa zuwa kusan 8, sai igiyar ta karye ta karkata ciki, ta fito can nesa, ta bar zoben nan fayau. S kuwa ba ta wucewa ko kaɗan. A 1926 Harold Jeffreys ya kafa hujja cewa abin da ke wurin narkakke ne.

Bayan shekara 10 wata masaniya 'yar Denmak, Inge Lehmann, ta ƙura wa raunanan igiyoyin da ke faɗowa cikin inuwar ido, waɗanda wasu ke ɗauka tarkace ne. Ta yi aiki da takardun girgizar New Zealand ta 1929, a 1936 ta nuna cewa igiyoyin suna dawowa ne daga wata iyaka a can cikin cibiyar. Ashe cibiya biyu ce: ta waje narkakkiya, ta ciki kuma, daga zurfin kilomita 5,150, daskararriya, faɗinta daga tsakiya zuwa baki kusan kilomita 1,220. Zafinta ya haura digiri 5,000, amma nauyin da ke danne ta ya ninka na iskar da ke kanmu sama da sau miliyan 3, shi ya hana ta narkewa.

To, wa ya ce ƙarfe ne? Igiya ba ta faɗin sunan abu, gudu kawai take nunawa. Sai an haɗa da wasu hujjoji. Nauyin duniya gaba ɗaya, idan aka raba da girmanta, ya ninka na ruwa sau 5.5, alhali dutsen sama bai kai sau 3 ba. Dole ne a sami abu mai nauyi ƙwarai a tsakiya. Duwatsun da ke faɗowa daga sama wasunsu ƙarfe ne da nikel. Idan kuma aka matse ƙarfe a ɗakin gwaji da irin wancan nauyi da zafi, gudun igiya a cikinsa yana zuwa kusa da abin da aka auna, da ɗan gibin da ke nuna akwai gaurayen abubuwa marasa nauyi. Juyawar wannan narkakken ƙarfe ita ke haifar da maganaɗisun duniya. Allurar kamfas da ake duba alƙibla da ita, da wanda ke cikin waya, umarnin cibiya ta waje suke bi.

Wani abin sha'awa game da garin nan: da za a soke duniya daga Sakkwato ta tsakiya, a tekun Pasifik za a ɓulla, kusa da tsibiran Samowa da Tonga, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi ko'ina yawan girgiza. Igiyar babbar girgizar Samowa ta 29 ga Satumban 2009 ta ratsa ɓawo, tsoka, cibiya ta waje da ta ciki, ta fito ta ƙarƙashinmu cikin kusan minti 20. Irin waɗannan igiyoyi masu ratsa tsakiya su ne abin da masu nazarin cibiya ta ciki ke nema ruwa a jallo, kuma yankin Sakkwato da kudancin Nijar na daga cikin 'yan wuraren tudu da suke fitowa a miƙe. Wannan kaɗai ya isa hujjar a kafa tasha mai kyau a jihar.

Girgiza mai zurfi da hoton ciki

Ya kamata a ce daga wani zurfi dutse ya yi laushin da ba zai karye ba. Amma ana samun girgiza har zurfin kusan kilomita 700. Ta Bolibiya a 1994 ta haura maki 8, tushenta ya wuce kilomita 600. Idan aka jera tushen irin waɗannan a taswira, sai su fito a layi mai gangara, daga bakin teku zuwa ƙarƙashin nahiya. Wannan layi shi ne faifan ƙasan teku, mai sanyi, yana nutsawa cikin tsoka. Yana daga cikin manyan hujjojin da suka sa masana suka amince da tafiyar faya-fayai a shekarun 1960.

Yau kwamfuta na haɗa miliyoyin lokutan isowa ta fitar da hoton ciki, kamar yadda na'urar asibiti ke yi wa jikin mutum. Inda igiya ta yi sauri, dutsen na da sanyi. Inda ta yi nawa, yana da zafi ko kayansa daban ne. Hoton ya nuna wasu manyan curi biyu a gindin tsoka, ɗaya ƙarƙashin Pasifik, ɗaya ƙarƙashin Afirka. Har yanzu masana na gardama a kansu: wasu na cewa zafi ne kawai, wasu na cewa tsohon kaya ne mai nauyi da ya kwanta tun farkon duniya.

Ina Sakkwato ta tsaya?

Garin yana zaune a gefen kudu maso gabas na wani babban kwari da ya ratsa Nijar har Mali, wanda masana ke kira Iullemmeden. Cike yake da shimfiɗu na yashi, laka da dutsen farar ƙasa, waɗanda aka raɗa wa sunayen garuruwanmu: Gundumi, Illo, Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gwandu. Dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi a ƙasan teku ya kwanta, kusan shekara miliyan 60 da suka wuce, lokacin da wani siririn teku ya ratsa Sahara. Wanda ya duba ɓaraguzansa da kyau zai ga kwasfar halittun ruwa a ciki. A ƙarƙashin duk waɗannan shimfiɗu akwai tsohon dutse mai tauri, wanda ke fitowa fili idan aka nufi Gusau, yana kuma ƙara nutsewa idan aka nufi arewa maso yamma.

Bakin faifan Afirka yana nesa da mu ta kowane ɓangare: tsakiyar tekun Atlantika ta yamma, yankin Bahar Rum ta arewa, kwarin gabashin Afirka da Bahar Maliya ta gabas. Shi ya sa haɗarin babbar girgiza a nan yake ƙasa ƙwarai, kuma wanda ya ce maka Sakkwato na dab da zama Turkiyya, bai duba taswira ba. Sai dai masu cewa Najeriya ba ta girgiza su ma sun wuce gona da iri. Dutsen da ke ƙarƙashin ƙasar nan ya sha karo kusan shekara miliyan 600 da suka wuce, ya bar tsofaffin tsagogi, irin wadda ta taso daga Ifewara a jihar Osun ta nufi Zungeru a jihar Neja. Kwarin Binuwai shi kansa tsaga ce da ta fara buɗewa lokacin da Kudancin Amurka ke rabuwa da Afirka, sannan ta tsaya. Turin da ke zuwa daga tsakiyar Atlantika yana ratsa faifan duka, wani lokaci ya tarar da tsohon rauni ya motsa shi. An ji girgiza a Ijebu-Ode a 1984, an ji a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016. A maƙwabta abin ya taɓa yin muni: ta birnin Akara na ƙasar Gana a 1939 ta rusa gidaje ta kashe mutane, ta arewacin Gini kuma a Disamban 1983 ta haura maki 6 ta kashe ɗaruruwa, a yankin da ake ganin lafiya lau yake.

Burtsatse, nakiya ko tsaga?

Masu zargin burtsatse ba su rasa hujja gaba ɗaya ba, domin aikin ɗan Adam yana iya tayar da girgiza. A jihar Oklahoma ta Amurka, tura gurɓataccen ruwan rijiyoyin mai zuwa zurfin ƙasa ya sa ƙananan girgiza suka ƙaru zuwa ɗaruruwa a shekara, har aka yi mai maki 5.8 a 2016. A Koyna ta Indiya, cikar babbar madatsar ruwa ta biyo da girgiza mai maki 6.3 a 1967. A Lorca ta Sifen, inda girgiza ta kashe mutum 9 a 2011, wasu masana sun danganta ta da saukar ruwan ƙasa da kusan mita 250 saboda ban ruwa, wasu kuma ba su gamsu ba. Amma a lura: a duka ukun akwai tsaga da ta riga ta ɗauki nauyi, aikin mutum kunna ta kawai ya yi. Burtsatsen unguwa mai zurfin mita 50 ko 150 ba ya barin rami a ƙasa, ruwan daga tsakanin ƙwayoyin yashi yake tsattsafowa. Illar yawan haƙarsa a Sakkwato ta gaske ita ce saukar ruwa da ƙafewar rijiyoyin maƙwabta, kuma wannan ta isa abin damuwa ba sai an jingina mata girgiza ba.

Tsakanin nakiya da tsaga kuwa, takardar na'ura na rabawa. Fashewa tana tura ƙasa waje ta ko'ina, don haka motsin farko a dukkan tashoshi sama yake yi. Zamewar tsaga tana tura wasu ɓangarori ta ja wasu, sai a ga wasu tashoshi sun fara da sama, wasu da ƙasa. Fashewa tana ba da P mai ƙarfi da S mai rauni, tsaga akasin haka. Nakiya a doron ƙasa take tashi, a lokutan aiki, tsaga kuwa kilomitoci a ƙasa, ba ruwanta da dare ko rana. Da wannan hanya ake gane gwajin makamin nukiliya, kamar na Koriya ta Arewa a 2017. Jin ƙara kaɗai ba hujja ba ce, tunda ƙaramar girgiza ma tana ƙara.

Inda gizo ke saƙar shi ne yawan tashoshi. Najeriya na da cibiyar wannan aiki a Toro ta jihar Bauchi, hukumar binciken ma'adinai ta ƙasa ma na da na'urori, amma ƙasar ta fi ƙarfin adadinsu. Zurfin tushe ba ya fitowa daidai sai akwai tasha kusa da wurin, a tazarar da ba ta wuce ninki biyu na zurfin ba. Idan mafi kusa tana kilomita 200, kuskuren lissafi zai iya haɗiye bambancin da ake nema. Idan agogon tasha ya goce da daƙiƙa 1, wurin ya goce da kilomita 6 zuwa 8. Idan an kafa na'ura kusa da titi ko janareta, ƙaramar girgiza ta ɓace cikin hayaniya. Idan batir ya mutu a daren da abin ya faru, shi ke nan. Yawancin gardamar da ake yi bayan kowace girgiza a ƙasar nan, daga wannan gibi take fitowa.

Abin da ya shafi mai gini

Igiya na rage gudu idan ta fito daga dutse ta shiga ƙasa mai laushi, ƙarfinta kuma sai ya taru ya ƙara girman kaɗawar. A 1985 babban birnin Meziko ya yi mummunar asara daga girgizar da tushenta ke kusan kilomita 350 daga gare shi, saboda tsakiyar birnin a kan lakar tsohon tafki take. Darasin a nan shi ne gida a fadamar Rima ko a kan kududdufin da aka cike da shara zai fi na kan tudu jin kowane motsi. A Maroko, inda kusan mutum 3,000 suka rasu, ƙauyukan kan tsauni ne suka fi shan wahala, masu ginin laka da dutse da rufi mai nauyi, bango bai ɗaure da bango ba, kusurwa ta buɗe, rufi ya zauna a kan mutane.

Maganin ba baƙo ba ne ga magini nagari. Lintal ya zagaye ginin duka, kada a tsaya kan ƙofa da taga kawai. A sa ginshiƙi mai rodi a kowace kusurwa, rodin ya shiga cikin lintal ya lanƙwasa. Kankare ya zama awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, abin da zafin Sakkwato ya sa ya zama wajibi. A ginin ƙasa, azara ta zauna sosai a kan bango, kada a yi ta lafta wa rufi ƙasa kowace shekara ba a rage tsohuwar ba. Yawancin tsagewar bango da ake gani a gari ba girgiza ba ce. Laka ce ke kumbura da damina ta tsuke da rani, ko harsashi marar zurfi, ko ruwan kwata da ke cin gindin gini.

Game da saƙonnin da ke yawo cewa za a yi girgiza ran kaza a gari kaza, babu wata hukuma ko na'ura a duniya da ke iya faɗin rana. Abin da Japan da Meziko ke da shi gargaɗi ne bayan an riga an fara: na'ura ta ji P, saƙo ya riga S isa gari, mutane su sami daƙiƙoƙi kaɗan.

Wanda ya ji ƙasa ta motsa, bayan ya kauce wa bango da katanga, akwai abin da zai taimaka da shi. Ya rubuta lokacin har da minti, da unguwar da yake. Ya lura ko ƙara ce ta riga kaɗawa, da daƙiƙa nawa. Ya duba ko kwanuka sun yi ƙara, ko ruwan randa ya fantsala, ko sabuwar tsaga ta fito a bango, ya ɗauki hotonta da wani abu a gefe da zai nuna faɗinta. A wurin da na'ura ta yi ƙaranci, irin wannan bayani daga unguwanni 20 ko 30 shi masana ke jerawa a taswira su gano inda motsin ya fi ƙarfi, daga nan su san inda za su kai na'urar wucin gadi su jira ƙananan da kan biyo baya.